Tambayoyi da Amsoshi Kan Taurin Kuloci a Tsofaffin Babura

Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson ababen hawa a kan babur ƙirar shekarun 1950 zuwa 1970 ya san inda gizo ke saƙa: hannun hagu. A matsa, a saki, a matsa, a saki, kafin minti ashirin yatsu sun fara sanƙarewa, jijiyar hannu ta ɗauki zafi har gwiwar hannu, mutum ya koma laluben firi tun bai iso danja ba. Na tattara tambayoyin da masu irin waɗannan babura suka fi yi mini, na kuma jera su daga hannu zuwa cikin inji, domin ta nan ya kamata gyaran ya bi.

Ana cewa taurin kuloci halin tsohon babur ne, sai dai haƙuri. Gaskiya ne?

Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. Wasu babura da tauri aka haife su. Manyan Laverda na Italiya sun yi suna a kan haka, Moto Guzzi ma ba baya ba, kuma lokacin da Triumph ta ƙara girman injin Bonneville zuwa 750 a 1973, sai da ta sa sifirin masu ƙarfi fiye da na 650 don kuloci ya iya riƙe ƙarin ƙarfin. Wannan duk haka ne. Amma babur ɗin da ke gabanka yau ba shi ne wanda ya fito daga masana'anta ba. Ya yi shekara hamsin ko sittin yana wucewa ta hannun mutane daban-daban, kowa ya ɗaure abin da ya ga dama, ya sauya waya da wadda ya samu, ya ƙara matse sifirin ranar da kuloci ya zame masa. Taurin da hannunka ke ji tarin waɗannan ne. A yawancin baburan da na buɗe, ƙarfin da ake ɓatawa wajen gogayya a hanya, tsakanin liba da faya-fayan kuloci, ya kusa kai wanda sifirin ɗin kansu ke buƙata. Wannan gogayyar kuwa ana iya kawar da ita ba tare da an taɓa asalin ƙirar babur ɗin ba.

To ta ina zan fara?

Ka fara da awo, kada ka fara da saye. Samo ƙaramin sikelin rataye, irin wanda matafiya ke auna jaka da shi, ka maƙala ƙugiyarsa a daidai inda yatsanka na tsakiya ke zama a kan liba, ka ja a hankali har liba ta taɓa hannun babur, ka rubuta abin da ya nuna. Hannu yana yaudara, musamman idan ka kashe kuɗi a kan wani abu kana so ya yi aiki. Sikeli ba ruwansa da abin da ka kashe.

Daga nan sai ka raba gardama. Cire bakin waya daga ɓangaren giyabos, ka bar ta a shimfiɗe yadda take a jikin babur, ka riƙe bakin da yatsu biyu kana jan liba da ɗaya hannun. Ya kamata igiyar ciki ta riƙa kai da komo sumul, ba ƙara, ba tsayawa. In ka ji kamar tana jan yashi, ko tana cijewa a wani wuri, ka riga ka kama ɓarawon farko. Kowane gyara ka yi, ka sake awo. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, don ka san wane ne ya yi tasiri.

Me ya sa kullum ake ɗora wa waya laifi?

Domin ita ce ta fi kowa cin ƙarfin hannu a ɓoye. Wayar kuloci igiyar ƙarfe ce da ke zirga-zirga a cikin kube. Muddin a miƙe take, kusan ba ta taɓa bangon kuben. Da zarar an lanƙwasa ta, igiyar sai ta kwanta a jikin bango ta ciki, kuma iya ƙarfin da ka ja ta, iya ƙarfin da take danna bangon. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, asarar ba tarawa take yi ba, ninkawa take. A ce lanƙwasar da ta kai rabin da'ira tana sa ka ja ninki ɗaya da rabi na abin da kuloci ke buƙata. In ka ƙara wata rabin da'irar, ba ninki biyu za ka ja ba, ninki biyu da kwata ne, domin ɗaya da rabi sau ɗaya da rabi ke nan. Kuma kowace kwana ana lissafa ta, ko ta hagu ce ko ta dama. Wayar da ta yi kwana uku ƙanana kamar tafiyar maciji tana iya fin wadda ta yi babbar kwana ɗaya tauri.

Saboda haka ka cire tanki ka dubi hanyar da wayar ta bi da idonka. Sau da yawa za ka tarar an ɗaure ta tamau da jikin firam a wuri uku ko huɗu don ta yi kyan gani, ko tanki ya danne ta, ko ta bi ta bayan fitila ta yi kwana mai kaifi. Ka kwance duk ɗaurin, ka bar ta ta zaɓi hanyarta, sannan ka riƙe ta sako-sako a wuri ɗaya don kada ta taɓa salansa ko kan inji. Juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ka ga ko wasan liba, wato 'yar tafiyar da take yi kafin ta fara jan kuloci, yana sauyawa. In yana sauyawa, wayar ta yi gajarta ko an bi da ita ta mugun wuri.

Tsawo ma abin dubawa ne. Baburan Ingila da aka kai Amurka an fi sa musu dogon hannu mai tashi sama, na gida kuma gajere. In wani ya sauya hannun bai sauya waya ba, rarar tsawon dole ta naɗe a wani wuri, kuma kowane naɗi nauyi ne a yatsunka.

Yaya ake yi wa waya mai, kuma wane iri?

Tsohuwar dabara ita ce har yau ta fi. Cire wayar gaba ɗaya, ka rataye ta a tsaye. Yanke kusurwar ƙaramar leda, ka zura bakin kuben a ciki, ka ɗaure da roba ya zama mazurari. Fara zuba kananzir kaɗan kana jan igiyar sama da ƙasa har baƙin ruwan da ke fita ta ƙasa ya washe. Sannan ka zuba man inji mara kauri, ka bar ta ta kwana. Da safe in ka ga ɗigon mai a bakin ƙasa, ya ratsa ke nan. Giris mai kauri ba ya shiga tsakiya, yana kama ƙura a baki, kuma yana daskarewa da sanyi. WD-40 yana da amfani wajen wanke datti da korar ruwa, amma ba ya daɗewa, bayan 'yan kwanaki wayar ta koma a bushe.

Wannan duk maganar wayar da ƙarfe ke gogar ƙarfe ce. Wadda aka yi wa shimfiɗar roba a ciki hukuncinta daban.

In sayi sabuwar waya mai shimfiɗar Teflon?

In akwai abu ɗaya da zan ce a kashe wa kuɗi ba tare da dogon tunani ba, shi ne wannan. Kamfanoni irin su Venhill a Ingila da Barnett a Amurka suna yin wayoyi masu shimfiɗar Teflon, wata roba mai santsi, ko nailan don tsofaffin babura, kuma daga waje ba ka bambanta su da na asali. Galibi ba a sa musu mai. Wasu robobin suna kumbura in man fetur ko man inji ya jiƙa su, sai su shaƙe igiyar, a wayi gari an yi gyaran gangar auzinawa. Ka bi abin da mai ƙirar ya ce.

Ka kuma kula da kauri. Siririyar waya mai araha tana miƙewa in an ja ta, kubenta yana matsewa, sai ka ji liba ta yi laushi kamar soso alhali kuloci bai buɗe sosai ba. Laushin soso daban, sauƙin ja daban.

Ita libar fa, akwai abin dubawa a jikinta?

Akwai, har uku. Na farko ƙusar da take juyawa a kai. Shekaru suna cinye ramin ya koma kamar ƙwai, liba ta riƙa rawa sama da ƙasa, tana gogar mazauninta. A sa bushin, ko a sauya ta, a shafa giris, kuma kada a ɗaure notin har ya matse ta. Na biyu ɗan ƙullutun bakin waya da ke zama a cikin liba. Dole ne ya riƙa juyawa a raminsa duk lokacin da aka ja. In ya bushe ya maƙale, igiyar ce za ta riƙa lanƙwashewa a gindinsa, taurin ya ƙaru, kuma a daidai nan ne waya ke tsinkewa. Ɗigon giris a wurin nan ya ceci wayoyi da yawa.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓuya. Ka auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙusar juyawa da tsakiyar ƙullutun waya. A baburan Ingila akwai liba mai tazarar 7/8 na inci, kusan milimita 22, akwai kuma mai inci 1 da 1/8, kusan milimita 28 da rabi. In ka ajiye su a kan tebur kusan ba ka bambanta su, shi ya sa ake yawan musanya su ba a sani ba. Mai gajeriyar tazara tana rage ƙarfin ja da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma tana rage tsawon wayar da take ja da daidai wannan kason. In babur ɗinka an ƙera shi da gajeriyar aka sa masa doguwar, shekara da shekaru kana biyan bashin da ba ka ci ba. In kuma da doguwar aka ƙera shi, to sa gajeriyar na iya hana kuloci buɗewa sosai. Littafin kayan gyara na ƙirar babur ɗinka shi zai raba wannan gardama.

Na sauya waya, na gyara liba, har yanzu da saura. Sai ina?

Sai ɗaya bakin wayar, inda ja ke komawa turi. Kowane kamfani da dabararsa. Triumph 650 masu inji da giyabos a haɗe, daga 1963, suna amfani da ƙwallayen ƙarfe uku da ke hawa gangara tsakanin faranti biyu. Yamaha XS650 da Kawasaki Z1 suna da wani abu mai kama da sukuru mai faɗin zare, a cikin murfin hagu, dab da sarƙa. Ka yi tunanin abin da wurin nan ke sha: man sarƙa, ƙura, ruwan hanya, duk a cakuɗe tsawon shekaru. Na sha buɗe irin wannan murfi in tarar giris ɗin ya koma kamar busasshen kwalta, sai da na kankare shi da bakin sukurudireba. Wankewa da sabon giris kawai sun isa mai babur ya ɗauka an sauya masa kuloci.

Sai saiti, kuma a nan tsari yana da muhimmanci. Saki waya gaba ɗaya tukuna. Daidaita sukurun da ke taɓa sandar turi, wato siririn ƙarfen da ke tura farantin kuloci ya buɗe: ɗaura shi har ka ji ya taɓa, sannan ka dawo da shi baya gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce, a wasu kwatan juyi, a wasu har juyi guda, ka kulle notin. Bayan haka ne za ka ɗaure waya, ka bar wasa na milimita 2 zuwa 3 a bakin liba. Waɗanda ke yin saitin duka daga wajen liba suna jawo ɗan hannun da ke jikin giyabos ya bar mazauninsa, ya fara aiki daga karkatacciyar kusurwa. Hannun nan ya fi ƙarfi idan shi da waya suka yi kusurwa irin ta lungun ɗaki a daidai tsakiyar tafiyarsa. In ya wuce nan tun ba a fara ja ba, ƙarfinka yana tafiya ne a banza.

Ka zaro sandar turin ma ka mirgina ta a kan gilashi. In ta lanƙwashe za ka ga tana tsalle. Dubi bakunanta: in sun baje kamar kan ƙusar da ta sha guduma, ko sun yi shuɗi, alamar an daɗe ana tafiya babu wasa ke nan, tana ta guga har ta ƙone.

Me zai hana in sassauta sifirin kawai, ko in sa masu laushi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa, kuma ita ce nake so a yi wa haƙuri har sai an gama da na sama. Sifirin su ne ke matse faya-fayai don ƙarfin inji ya isa taya. In ka rage su fiye da kima kuloci zai zame, zamewa ta kawo zafi, zafi ya murɗe faya-fayan ƙarfe, murɗaɗɗun faya-fayai kuma su hana shiga giya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Amma sau da yawa matsalar ta ɗaya ɓangaren ce: an riga an matse su fiye da yadda aka ƙera. Na taɓa karɓar wata Bonneville 650 da mai ita ya ce ya daina hawa saboda hannu. Da na buɗe murfin sarƙar farko, wadda ke haɗa inji da kuloci, sai na ga notocin sifirin uku an ɗaure su har sun nutse cikin kofunansu, zaren ƙusoshin ya leƙo waje sosai. Sifirin ɗin kuma na 750 ne. Wani da ya riga ni taɓa ta ya ga kuloci na zamewa, bai tsaya neman dalili ba, ya ƙara ƙarfi. Dalilin kuwa yana nan a fili, faya-fayan sun jiƙe sharkaf da man da bai dace ba, kuma sandar turi ba ta da wasa ko kaɗan. Na wanke faya-fayai, na mayar da sifirin 650, na yi saiti. Da mutumin ya zo ya ja liba, sai ya sunkuya yana duba ko na manta ban haɗa wayar ba.

Idan kulocinka mai notocin saiti ne, akwai aikin da bai kamata a tsallake ba. Ja liba ka ɗaure ta, ka taka kik a hankali kana kallon farantin da ke danne faya-fayai yana juyawa. In yana rawa kamar faifan da aka ɗora a karkace, gefe ɗaya yana buɗewa, ɗayan bai buɗe ba. Ƙara wa gefen da ya fi tashi rabin juyi, ko ka rage wa na ƙasa, har ya riƙa juyawa daidai. Farantin da ke tashi daidai ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya saki, wannan kuma shi ke ba ka damar amfani da duk sauran dabarun sauƙaƙawa.

Akwai kuma hanyar da ta fi kyau ga mai son sifirin masu laushi: ƙara yawan faya-fayai. Ana sayar da saitin faya-fayai bakwai sirara da ke shiga mazaunin shida na Triumph da BSA. Ƙarin fuskokin da ke kama juna yana sa kuloci ya riƙe ƙarfi iri ɗaya da ƙaramin matsi, sai a sassauta sifirin ba tare da fargaba ba.

Me ya haɗa man inji da taurin liba?

Kai tsaye babu, amma ta bayan gida akwai. Man motoci na zamani da yawa an zuba musu sinadaran rage gogayya don tsimin fetur. Kulocin da ke wanka a cikin irin wannan mai yana iya zamewa, daga nan kuma sai a je ga matse sifirin. Tun 1998 akwai ma'aunin JASO na Japan, kuma man da aka rubuta wa MA ko MA2 an yi shi ne don kulocin da ke cikin mai. A baburan Ingila da akwatin sarƙar farko ke da mansa daban, wasu na zuba man giyar mota mai sarrafa kanta, domin ba shi da kauri kuma ba ya manne faya-fayai. Sai dai ka tabbata akwatin naka ba ya haɗa mai da inji. Triumph 650 daga 1970 suna numfashi ta cikin akwatin nan, man yana cakuɗuwa, don haka abin da ke cikin inji shi za a zuba. Kuma kada a cika shi ya wuce alama. Sarƙa ce ke buƙatar man, kuloci ɗan feshi ya ishe shi.

Nawa Norton Commando ne, babu sifirin da zan sassauta.

Commando, wanda ya shiga kasuwa a 1968, ya zo da sifirin guda ɗaya mai siffar faifai, irin na mota. Halinsa ya saɓa wa na naɗaɗɗen sifirin. Naɗaɗɗe iya matsa shi iya taurinsa. Shi kuwa faifan, ƙarfinsa yana hawa har wani matsayi, sannan ya fara sauka yayin da yake kusantar miƙewa. Saboda haka sirrin yana cikin kaurin tarin faya-fayai. In sun cinye, ko aka sa waɗanda ba su kai kauri ba, sifirin ɗin zai zauna a lotse, kai kuma dole ka haura da shi ƙololuwar taurinsa duk lokacin da ka ja. Ƙara faifan ƙarfe ɗaya mai kaurin da ya dace, yadda sifirin zai kusa miƙewa tun yana zaune, yana sauya liba ƙwarai. In aka zarce kuma kuloci ya zame, don haka da awo ake yi.

Kada ka kuskura ka cire zoben da ke riƙe da sifirin ɗin ba tare da na'urar matse shi ba. Ƙarfin da ke ciki ya isa ya raunata fuska.

Kwandon kuloci ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Yana da nasaba?

Yana da ita. Kunnuwan faya-fayai suna bugun bangon kwando, wato mazaunin da faya-fayan ke zama a ciki, har su haƙa wa kansu ramuka, sai su riƙa maƙalewa maimakon su zame. Liba ta riƙa zuwa da gargada, giya ta riƙa ƙara. In ramukan ba su yi zurfi ba, magagari mai laushi zai share su, amma ka ci kowane bango daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba kunne biyu ko uku ne za su ɗauki dukan nauyin. In sun yi zurfi, sauyawa ce magani. Faya-fayan ƙarfe kuma a ɗora su a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi rawa a fitar da shi.

Tsofaffin faya-fayai da yawa akwai asbesto a cikinsu, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu, musamman na busasshen kuloci. Kada a hure ƙurarsu da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙaramin akwatin nan da ake sawa a tsakiyar waya don sauƙaƙa ja, yana aiki?

Yana aiki, amma ba kyauta ba. A cikinsa ɗan ƙarfe ne mai juyawa, wayar liba tana kama shi nesa da ƙusa, ta kuloci tana kama shi kusa. Ƙa'idar ɗaga dutse da sanda ce: abin da ka samu a sauƙi, ka biya shi a tafiya. Haka ma ƙara wa hannun giyabos tsawo. Matsalar ita ce tafiyar kulocin babur tun asali ba ta da yawa, farantin ba ya tashi fiye da milimita biyu zuwa uku, kuma wannan ɗan taƙin ne fuskoki goma sha wani abu za su raba a tsakaninsu. In ka yanke masa kashi ɗaya cikin uku alhali faya-fayanka ba su miƙe ba, babur zai riƙa jan jiki a giya ta ɗaya ko da ka matse liba, firi kuma ya gagara samu. A kulocin da aka riga aka gyara tsaf, akwatin yana da amfani. A wanda ba a gyara ba, rufe ciwo ne da tsumma.

Harley-Davidson ta bi wata hanya daban. Da ta mayar da kuloci daga ƙafa zuwa hannu a 1952, sifirin ɗin sun fi ƙarfin yatsu, sai ta ɗaura wata na'ura mai babban sifirin a jikin firam, wadda mahaya suka laƙaba wa suna tarkon ɓera, tana taya hannu ja da zarar liba ta wuce wani matsayi. An yi amfani da ita har 1967. In babur ɗinka yana da ita kuma yana da tauri, kusan kullum saitinta ne ya ɓaci, kuma ka kiyayi yatsunka wajen gyara, ba a banza aka ba ta sunan ba.

In mayar da shi na haidirolik fa?

A haidirolik ruwa ne a cikin bututu ke kai ƙarfin hannu maimakon waya. Ruwa ba ya jin kwana, don haka duk asarar da waya ke yi a lanƙwasa ta tafi, kuma babu sauran zancen tsinkewa. Kamfanin Magura na yin saiti mai ɗan silinda da ke ja a madadin waya, akwai kuma masu yin murfin giyabos na musamman don Triumph da Norton. Sai dai shi ma bai tsira daga ƙa'idar nan ba, girman fistan na sama da na ƙasa shi ke yanke yawan sauƙi da yawan tafiya. Ka san irin ruwan da saitinka ke sha, domin wasu man ma'adinai suke so, wasu ruwan birki, kuma in aka musanya robobin ciki sun lalace. Ruwan birki kuma yana cin fenti.

Ni dai ra'ayina, a babur ɗin da ya kai shekara sittin da kayansa na asali, tulun roba a kan hannu yana rage masa wani abu. Amma in zaɓin ya zama tsakanin haka da jingine babur a ɗaki, a sa haidirolik, a adana tsofaffin kayan a kwali don mai zuwa.

BMW da Moto Guzzi masu busasshen kuloci fa?

Nasu yana tsakanin inji da giyabos kamar na mota, ba a kai gare shi sai an ja giyabos baya. Kafin nan a duba waya da ɗan hannun da ke bayan giyabos, wanda ke shan duk ruwan da tayar baya ke watsowa. In ba su ba ne, to haƙoran sandar da faifan ke zamewa a kai sun bushe, suna son ɗan giris mai ɗanko, kaɗan ƙwarai don kada ya fantsama a faifan. BMW ta sauya ƙirar kulocinta a 1981 ya zama mara nauyi, saboda haka kada mai ƙirar 1975 ya auna nasa da na abokinsa mai ƙirar 1983.

Jiya lafiya lau, yau ya yi tauri farat ɗaya. Mene ne?

Kada ka hau. Taurin da ya zo dare ɗaya kusan kullum silin igiya ne ya tsinke ya harɗe a cikin kube, sauran kuma suna kan hanya. Duba gindin ƙullutu a wajen liba. In wayar sabuwa ce, duba ko ta kwanta a kan salansa. Akwai kuma wani dalili da ke rikita mutane a babura masu sitata: in wayar da ke haɗa inji da firam ta ɓangaren lantarki ta saki ko ta yi tsatsa, wuta sai ta nemi hanya ta cikin wayar kuloci, ta narkar da shimfiɗar ciki. In ka taɓa kuben bayan tayar da inji ka ji ɗumi, can matsalar take, kuma sabuwar waya ma haka za ta ƙone in ba a gyara ba. Masu doguwar tafiya tun da can sukan shimfiɗa waya ta biyu a gefen ta farko, su toshe bakunanta da leda, in ta tsinke a hanya sai dai a sauya baki kawai.

Ina da ciwon gaɓoɓi a yatsu. Na yi duk wannan, akwai sauran abin da zai taimaka?

Akwai, kuma wannan tambayar ce ta fi taɓa ni, domin yawancin masu ƙaunar waɗannan babura sun manyanta tare da su. Zauna a kan babur yadda kake tuƙi, ka miƙa yatsu. Ya kamata damtse, wuyan hannu da yatsu su zama layi ɗaya zuwa kan liba. In sai ka karya wuyan hannu sama kafin ka kamo ta, sassauta mazauninta ka juyo da ita ƙasa. Liba mai lanƙwasa, wadda ke matsowa kusa da hannu, tana sa ka fara ja da tsakiyar yatsu inda ƙarfi yake, maimakon bakinsu, sai dai tana rage tafiya kaɗan. Matsar da mazaunin liba ciki da kamar santimita ɗaya ko biyu yana sa yatsunka su sauka can wajen ƙarshenta, inda ja ya fi sauƙi. Robar riƙo mai kauri da safar hannu mai tauri duk suna cin ƙarfi, a nemi sirara.

Sauran kuma salon tuƙi ne. Ka shiga firi tun babur yana ɗan gangarawa, kafin ya tsaya cak, domin tsofaffin giyabos sun fi ba da shi a lokacin, sannan ka saki liba ka huta har danja ta ba da hannu. Wajen hawa giya daga ta biyu zuwa sama ba sai ka matse har ƙarshe ba, in ka sassauta totur daidai lokacin, rabin ja ya isa. Da safe kuma, kafin ka tayar da inji, ja liba ka taka kik sau biyu ko uku har ka ji ya tafi fayau, faya-fayan da suka kwana a manne sun rabu ke nan, giyar farko za ta shiga ba tare da ƙara ba.